Ciniki Ta Ƙofar Baya

Kiret uku ne suka sulluɓo daga saman motar a lokaci guda, ƙarar fashewarsu kuwa har cikin ƙirjinta ta ji ta. Kwandastan da ya ɗaure su da hannu ɗaya yana karɓar kuɗi da ɗayan bai ko waiwayo ba, ya dai daki gefen mota ya ce wa direba, "Mu je!" Suka bar ta durƙushe a bakin titi da rana tsaka, hannuwanta biyu cikin ruwan ƙwai, tana laluben waɗanda suka tsira... Bakwai ta samu. Bakwai rak cikin casa'in! Masu wucewa suna ratse ta don kada su ɓata takalmansu, wani ma har da tsaki. Ta ɗaga kai sama, hawaye na gangarowa har cikin bakinta, ta ce, "Ya Allah, kana gani. Abincin yarinyata ne wannan a ƙasa."

Mai Ƙwai ake ce mata a unguwa, tun da mijinta mai fenti ya faɗo daga bene na uku ya rasu, ya bar ta da ɗakin haya guda da 'ya ɗaya tilo mai shekara shida, wadda yake yi wa laƙabi da 'Yar Baba har sunan ya bi ta. Kullum ta Allah sai ta je gonar kaji da ke bayan gari ta sari ƙwai ta rarraba wa masu shaguna da gidajen abinci. Ɗan abin da take samu, rabi kuɗin mota ya cinye, rabi ya fashe a hanya. Ga kuma yayan mijinta, wanda yarinyar ke kira Baffa, ya sa ta a gaba. Kada mai karatu ya zaci ƙaunar marainiya ce ta hana shi barci. Mutumin da bai taɓa saya mata ko alawa ba! Wani ɗan fili ne marigayin ya bari da sunan 'yarsa, kuma duk wanda yarinyar take hannunsa, shi ke riƙe da takardar. Sau uku yana zuwa ya tsaya a bakin ƙofa, ko zama ba ya yi, ya ce, "Macen da take wuni a titi ba za ta riƙe mana jininmu ba. Ranar da kika yi kuskure ɗaya, ɗaya tak, zan zo in ɗauke ta." Saboda haka kullum a ɗarare take rayuwa, ko murya ba ta ɗagawa a unguwa.

Da yammar ranar da ƙwan ya fashe ta zauna da Inna, tsohuwar da ɗakinsu yake jikin nata, wadda ke riƙe mata yarinyar idan ta fita. Ta ce, "Inna, babur zan saya. Mahaifin 'Yar Baba ya koya min tuƙi tun muna amare. Idan na ɗaure kayana da hannuna, ba wanda zai sake zubar min da su." Inna ta ce, "Allah ya sa alheri, 'yar nan. Amma ki je babban kamfani mai gilashi, kada ki sayi na hannu a cuce ki." Haka ta tattara abin da ta tara a shekara biyu, ta sayar da 'yan kunnenta na zinare da keken ɗinkin da ta gada daga mahaifiyarta, ta ƙulle kuɗin a ƙyalle ta ɗaura a ƙugu.

Kai, wurin nan ya haɗu! Gilashi daga sama har ƙasa, sanyin na'ura na dukan fuska tun daga ƙofa, babura a jere ja da baƙi da shuɗi, kowanne da leda a kujerarsa. Maigadi ya dubi silifas ɗinta kafin ya dubi fuskarta, ya bar ta ta shiga da ƙyar. Masu sayarwa uku ne a ciki, dukkansu sun kewaye wani mutum mai tumbi da ya zo a mota, ɗaya ya jawo masa kujera, ɗaya ya kawo masa ruwan sanyi, ɗaya na dariya tun kafin mutumin ya gama magana. Ta yi sallama sau biyu ba wanda ya amsa. Ta fi rabin awa a tsaye. Da ta gaji, ta matsa kusa da wani ɗan ƙaramin babur ja ta ɗora yatsunta a hankali a kan hannunsa, sai ta ji tsawa daga bayanta.

"Ke! Ɗauke hannunki! Ke za ki goge?"

"Yi haƙuri, Malam, saya zan yi..."

Ya dube ta sama da ƙasa, ya juya wajen abokansa yana toshe hanci. "Kun ji ƙarnin nan kuwa? Baiwar Allah, ba ma sayen ƙwai a nan." Suka bushe da dariya, har da mai tumbin. Wani a cikinsu ya ce, "In da gaske kike, je ki turo mijinki. Ba ma ɓata baki da mata a kan inji."

Mijinki! Da mari ya yi mata da ya fi mata sauƙi. Mijin da yake ƙarƙashin ƙasa! Ta juya ta fita tana haɗa hanya, mayafinta a baki don kada su ji kukanta.

Ba ta kai bakin titi ba ta ji ana kira, "Yaya! Yayata, tsaya mana!" Ɗaya daga cikin ukun ne, wanda bai yi dariya sosai ba, dogo mai takalmi mai sheƙi da agogo mai walƙiya, wanda saboda son gayu kowa ke kiransa Ƙwalisa. Ya sassauta murya kamar mai ta'aziyya. "Wallahi raina ya ɓaci da abin da suka yi miki. Ni ma maraya ne, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da talla ta raine ni. Nawa gare ki?" Ta faɗa masa. Ya girgiza kai, ya ce kuɗin bai kai farashi ba, amma shi zai cika mata da ragin da kamfani ke yi wa ma'aikata. "Ki zo ran Laraba da ƙarfe ɗaya, lokacin Manaja da sauran sun fita cin abinci. Kada ki biyo ta gaba su sake wulaƙanta ki. Ki zagayo ta ƙofar baya, wajen sito." Mutumin da aka tozarta yanzu-yanzu, in aka yi masa magana mai daɗi, ina zai ga tarko? Ta yi ta sa masa albarka har ya koma ciki.

Ran Laraba ta same shi yana jiranta, jan babur ɗin nan da ta taɓa yana tsaye a bakin sito, an zuba masa mai. Ya karɓi kuɗin ya cusa a aljihu, ya yago takarda daga wani ɗan littafin rasit ya rubuta kwanan wata da lambar inji, ya miƙa mata da makulli ɗaya. Ba hatimi, ba sunan kamfani, ba sa hannu. Ita kuwa ba ta taɓa sayen abin da ya wuce keken ɗinki ba, balle ta san ana duba waɗannan. Ya ce, "Alfarma ɗaya nake roƙo, Yaya. Kada ki faɗa wa kowa ni na sayar miki. In suka ji na ba ki ragina, korata za su yi." Ta dafa ƙirji ta ce, "Daga ni sai kai, ƙanena. Allah ya jiƙan mahaifiyarka."

Sati uku ta yi tana jin daɗin duniya, sati uku kacal. Ko ƙwai ɗaya bai fashe ba. Tana dawowa gida tun kafin la'asar, ta ɗora 'Yar Baba a gabanta su zagaya unguwa, yarinyar na danna oda tana ƙyalƙyala dariya tana cewa, "Umma, ƙara gudu!" Sai babur ya fara gardama. Ta danna maɓallin tayarwa ya yi ɗan tari ya yi shiru, sai ta buga kik da ƙafa ya fi sau goma, gumi na tsiyaya, kafin ya tashi. Tana bincike a ƙarƙashin kujera ta ga ɗan littafin kamfani, wanda ya ce duk sabon babur yana da sabis na farko kyauta a inda aka saye shi. Ta yi murna ƙwarai. Ta ce a ranta za ta kai shi wajen masu gyara kawai, ba za ta ambaci sunan Ƙwalisa ba, ba za ta ma gaishe shi ba don kada ta jawo masa matsala. Wayyo, baiwar Allah! Da ƙafarta ta kai kanta.

Magatakardan ɓangaren gyara ya duba lambar inji, ya duba wata takarda da ke manne a bango, ya sake duba lambar, ya miƙe ya nufi ofishin Manaja. Kafin ta ankara an rufe ƙofa. Manaja ya fito, gajeren mutum cikin kwat, fuskarsa a murtuke, ya ce, "A ina kika samu babur ɗin nan?"

"A nan na saya, ranka ya daɗe."

"Wa ya sayar miki?"

Ta yi shiru. Ta tuna alkawari, ta tuna maraya da mahaifiyarsa mai talla. Shirun nan da ta yi don ta rufa wa wani asiri, shi ya kashe ta, domin duk wanda ke wurin ya ɗauka shirun mara gaskiya ne. Manaja ya daka tebur. "Babur ɗin nan ya ɓace daga sitonmu sati uku da suka wuce! Ɓarauniya! Har kina da ƙarfin halin dawo da shi a gyara miki kyauta?"

Sai a lokacin gabanta ya yanke ya faɗi. Ta hango Ƙwalisa a bayan mutane, ta nuna shi da hannu. "Ƙanena, ka yafe min, dole in faɗa... Ga shi can, shi ya sayar min, ga rasit ɗin da ya rubuta!" Ƙwalisa ya matso a natse, ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya duba, ya yi murmushi. "Ranka ya daɗe, wannan ai rasit ɗin kasuwa ne, kowa na iya saye. Ina hatiminmu? Na dai gane ta. Ita ce ta zo kwanaki tana shafa wannan babur ɗin har aka kore ta. Ashe leƙen asiri ta zo yi." Sauran biyun suka ce ƙwarai kuwa, sun tuna, mai ƙarnin ƙwai!

"Ka ji tsoron Allah! Ka dubi idona ka ce ba ka karɓi kuɗina ba! 'Yan kunnena, keken mahaifiyata... ka ce min kai ma maraya ne!" Ya murje ido ya ce, "Mahaifiyata tana gida lafiya lau, Malama. Ki nemi wata ƙaryar." Ta zube a kan tayil ɗin nan mai sanyi tana kuka kamar ranta zai fita, tana roƙon Manaja ya yi tunani, wane ɓarawo ne zai dawo da kayan sata wurin mai shi? Manaja bai saurare ta ba. A wurinsa mai takalmi mai sheƙi ba ya ƙarya, mai silifas kuma ba ta gaskiya. Ta ƙofar gaba aka fito da ita wannan karon, da ankwa a hannu, masu sayayya na ɗaukar ta hoto da waya.

Kwana biyu tana caji ofis kafin Baffa ya zo, da sabuwar riga, fuskarsa kamar wanda aka yi wa albishir. An ce sai ɗan'uwa mai gida na kansa zai iya tsaya mata a ba da belinta, kuma duk duniya ba ta da wani sai shi. Ta riƙe ƙarfen ƙofa ta ce, "Yaya, don darajar ƙaninka da ke kabari, ka fitar da ni. Yarinyar nan ba ta taɓa kwana ba ni ba." Ya zaro takarda daga aljihu. "Sa hannu a nan cewa kin sallama min ita da duk abin da ubanta ya bari, yanzu ki kwana a gida." Ta dubi takardar, ta dubi ƙofar fita da ke buɗe a bayansa, hasken rana na shigowa... Ta girgiza kai hawaye na zuba. "Ko zan ruɓe a nan, Yaya, ba zan sa hannu a kan 'yata ba." Ya ninke takardarsa ya ce, "To ki ruɓe. Ɗaukar ta dai zan yi, wa zai bar wa ɓarauniya yarinya?"

Aka kai ta kotu, aka ɗage shari'a, aka wuce da ita gidan yari. Aka sake kai ta, kamfani bai turo shaida ba, aka sake ɗagewa. Ɗaki ɗaya su goma sha huɗu, bokiti ɗaya a lungu, taga ɗaya a can sama wadda ko hannu ba ya kaiwa. Ba yunwa ce ta ramar da ita ba, ba kuma cizon kuɗin cizo ba. Duk lokacin da ta ji ƙararrawar tashi daga wata makaranta da ke bayan katanga, sai ta miƙe tsaye ba ta sani ba, ta ce yanzu 'Yar Baba za ta fito tana neman ta a bakin ƙofa, sannan ta tuna inda take, ta koma ta zauna.

A sati na biyar Inna ta samu aka bar ta ta shigo, tana dogara sanda. Tun kafin ta yi magana Mai Ƙwai ta karanta a fuskarta. "Ya ɗauke ta, 'yar nan. Tun washegarin da ya zo wurinki. Na riƙe ƙafarsa ya hankaɗe ni. Ya kwashe kayan ɗakinki ya ɗauki takardar filin..." Tsohuwar ta share ido da gefen zane. "Na je na gan ta jiya. Sun faɗa mata uwarta ɓarauniya ce, yara na tsokanar ta da shi. Ta daina magana, abinci sai an ɗura mata. Kuma ran Asabar mai zuwa zai tura ta wajen ƙanwarsa a can wani gari mai nisan kwana biyu a mota, ya ce ba za ki sake ganin ta ba har ta yi hankali."

Ba ta yi ihu ba, kuka ma ya ƙi zuwa. Ta dafa bango ta sulale ƙasa, ta ce da wata murya da Inna ba ta san ta da ita ba, "Inna, me na yi wa duniya? Ban taɓa cin na kowa ba. Ƙwai ɗaya in ya yi rara ina mayar wa mai gona... Ya Allah, ban roƙe ka babur ba, ban roƙe ka kuɗina ba, su riƙe! 'Yata kawai. Kada yarinyar nan ta girma tana jin kunyar sunana." Matan ɗakin, har da waɗanda suka yi shekaru ba su zubar da hawaye ba, suka sunkuyar da kai.

Ran Alhamis aka koma kotu, saura kwana biyu a tafi da yarinyar. Ƙwalisa ya shiga akwatin shaida yana ƙamshin turare, ya rantse ya ce babur ɗin yana nan da ledarsa yadda ya zo daga masana'anta, shi bai taɓa ko shafa shi ba har ranar da ya ɓace. Mai Ƙwai ba ta da lauya, ba ta da shaida, ba ta ma ɗaga kai ba. Kamfani ya kira tsohon makanikensa, dattijo mai furfura wanda ya shekara ashirin yana haɗa musu babura, don ya tabbatar da lambar inji. Alƙali ya ce a fita harabar kotu a ga babur ɗin. Dattijon ya durƙusa ya karanta lambar, ta yi daidai. Alƙali ya ce, "Ga makullin da aka kama a hannunta. Tayar mana mu ga ko nasa ne."

Dattijon ya murɗa makulli, ya danna maɓalli. Shiru. Hannun tsohon makanike kuwa ba ya jiran a ba shi umarni. In inji ya ƙi tashi, batir yake fara dubawa ko a gaban wa yake. Ya zaro sukuddireba daga aljihun gaba, ya kwance murfin gefe, ya leƙa... sai ya tsaya cak. Ya daɗe a durƙushe. Shekara ashirin na aiki, iyali a gida, ga Manaja tsaye a kansa. Ya ɗago ya dubi matar nan da ta koma ƙashi da fata, ya runtse ido, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai magana."

"Muna jin ka."

"Wannan ba batir ɗin masana'anta ba ne. An cire na asali an sa ɗan arha, shi ya sa ya mutu da wuri. Irin wannan, mutum ɗaya ke sayar da shi a bakin kasuwa, kuma saboda garantin wata uku da yake bayarwa, duk wanda ya saya sai ya rubuta sunansa da kwanan wata a jiki da farin fenti, don kada a kawo masa na wani." Ya ciro batir ɗin ya ɗaga shi sama. Rubutun a fili yake, kowa ya gani: sunan Ƙwalisa, da kwanan watan wata Laraba. Alƙali ya ce a miƙo masa rasit ɗin nan mara hatimi. Rana ɗaya ce!

Kun ji son banza! Mutum ya sace babur sukutum, ya cinye kuɗin bazawara, amma zuciyarsa ba ta bar shi ya bar mata batir mai kyau ba, saboda ya saba yi wa kowane mai saye haka, hannunsa ya riga hankalinsa. Aka tura ɗan sanda ya zo da mai batir, ya ce rubutunsa ne, kuma mutumin nan kusan duk mako sai ya sayi biyu ko uku. Ƙwalisa ya fara in'ina, ya ce sharri ne, ya ce aike aka yi masa. Aka laluba aljihunsa aka samu ɗaurin makullan babura har shida, ɗaya a ciki ya buɗe jan babur ɗin nan. Kafin la'asar alƙali ya wanke Mai Ƙwai tas, ya sa aka cire ankwar daga hannunta aka maƙala a hannun mai agogo. Shekara biyar ya samu daga baya. Alƙali ya kuma umarci kamfani ya mayar mata da babur ɗinta da cikakkun takardu, ya biya ta diyyar kwanakin da ta yi a tsare. Da Inna ta miƙe tana kuka ta ba da labarin yarinyar, ya rubuta takarda ya haɗa su da ɗan sanda.

Manaja ya tare ta a bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ita. "Baiwar Allah, na zalunce ki. Ki zaɓi duk babur ɗin da kike so a shagon nan, kowane iri." Ta dube shi da idanun da suka ƙafe. "Ba babur ne a gabana ba, ranka ya daɗe. Kai ka fara kira na ɓarauniya, daga bakinka ya kai kunnen 'yata. Ka zo ka faɗa mata da bakinka."

Manaja ya bi su. A falon gidansa suka samu Baffa, takardar filin a kan tebur, wani baƙo na dubawa da tabarau. Ɗan sanda ya ɗauke takardar, ya ce wa Baffa ya saka takalmi, zai je ya yi bayanin yadda ake sayar da filin marainiya. Maƙwabta suka cika ƙofar gida suna kallo aka wuce da shi, sabuwar rigar nan ta jiƙe da gumi.

A bayan ƙofar kicin suka samu 'Yar Baba, zaune a kan wata 'yar jaka da aka riga aka ɗaure mata kaya a ciki. Wuyanta ya yi siriri, kitson da uwarta ta yi mata sati shida da suka wuce yana nan ya cukurkuɗe. Mai Ƙwai ta durƙusa ta buɗe hannuwa. "'Yar Baba... ni ce, Ummanki ce." Yarinyar ba ta motsa ba. Ta dube ta, ta dubi Manaja, ta ƙara maƙurewa a bango. Wannan ya fi wa uwar ciwo a kan duk kwanakin gidan yari.

Sai Manaja ya tsuguna da kwat ɗinsa a kan simintin kicin, ya ce, "Yarinya, dube ni. Ni ne na ce mahaifiyarki ta saci babur. Ba gaskiya na faɗa ba. Da kuɗinta ta saya, wani ne ya cuce ta, ni kuma na ƙi sauraron ta. Mahaifiyarki ba ta taɓa satar komai ba."

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa. Sai muryar da ta yi sati biyar a kulle ta fito a dishe. "Ai na faɗa wa Baffa... na ce Ummana ba ta sata... ya mare ni." Ta taso da gudu ta faɗa ƙirjin uwarta, suka zube tare a ƙasa suna kuka, Mai Ƙwai na shafa kanta tana cewa, "Alhamdu lillahi, Alhamdu lillahi, Allah na gode maka," Inna na kuka, Manaja ya juya baya yana share fuska da hannun kwat.

Can da kukan ya lafa, yarinyar ta ɗago kai daga wuyan uwarta, ta raɗa mata a kunne, "Umma, mu tafi gida. Yunwa nake ji."